Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi: A Auna Ilimin Ɗalibi, a Daina Ƙirga Masa Sa'o'in Zama

Ɗauki misalin wata mata a Amurka da ta shekara 15 tana riƙe da littattafan kuɗi na wani ƙaramin kamfani. Ita ke shigar da abin da ya shigo da abin da ya fita, ita ke fitar da lissafin riba da faɗuwa a ƙarshen shekara. Ba ta da digiri, kuma rashin kwalin ya tokare mata hanyar ƙarin girma. Sai ta yanke shawarar komawa jami'a. Abin da za a fara ɗora mata shi ne kwas ɗin share fagen ilimin akanta: mako 15 tana zaune ana koya mata sana'ar da take ci da ita tun 'yan ajinta ba su shiga firamare ba. Bisa farashin da jami'o'i suka wallafa a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, kwas ɗaya irin wannan ya kai kimanin dala 1,100 a jami'ar gwamnati ga ɗan jihar, a jami'a mai zaman kanta kuwa ya doshi dala 4,000.

Akwai wata hanya. Matar za ta iya zuwa cibiyar jarrabawa, ta nuna katin shaida, ta ajiye wayarta a waje, ta zauna minti 90 a gaban kwamfuta ana sa mata ido, ta amsa tambayoyin wata jarrabawa da ake kira CLEP a kan wannan kwas ɗin. Kuɗin rajistar bai kai dala 100 ba. Idan ta samu maki 50 a ma'aunin da ya taso daga 20 zuwa 80, ta nuna cewa ta san abin da ɗalibin da ya ci kwas ɗin a aji ya sani. Duk da haka akwai jami'o'in da za su ce mata ba su san zancen ba, akwai masu karɓa da hannun hagu, akwai kuma 'yan bokonmu da za su taɓe baki su ce ai wannan digirin ɓarauniyar hanya ne.

Ni ina tare da matar. Ra'ayina a wannan rubutu ɗaya ne: wanda ya san abu, kuma ya tabbatar da saninsa a jarrabawa mai tsauri da aka tsare ta, ya cancanci a ba shi ladan karatunsa ko da bai taɓa shiga aji ba. Jami'ar da ta hana shi saboda kawai bai ɗumama mata benci ba, aljihunta take karewa, komai yawan ambaton ingancin ilimi da za ta yi. Sai dai kalmar “tsauri” da na sa a ciki ba ado ba ce, kuma a kanta zan juyo kan mutanen ɓangarena kafin in rufe.

Ma'aunin da aka ƙera don fansho

Kafin a yi gardama a kan wanda ya cancanci kiredit, ya kamata a san mene ne kiredit ɗin. A tsarin Amurka, wanda jami'o'in Najeriya ma suka aro, ana gutsuttsura digiri zuwa ƙananan awo. Kwas da ake shiga na sa'a 3 a mako tsawon zango guda yana da kiredit 3, digirin farko kuma yawanci kiredit 120 ne. A 2010 ma'aikatar ilimi ta Amurka ta fayyace ma'anarsa don rabon tallafin karatu: sa'a ɗaya a aji da sa'a biyu na nazari a gida, kowane mako, na kimanin mako 15. Mai karatu ya lura cewa ginshiƙin wannan awo lokaci ne. Agogo yake kallo, ba ya leƙa abin da ya shiga kan ɗalibi.

Asalinsa ma ba don ɗalibai aka yi shi ba. A 1905 attajirin ƙarafa Andrew Carnegie ya ware dala miliyan 10 don biyan fansho ga malaman jami'a. Masu kula da asusun suka ci karo da tambayar wace makaranta ce jami'a, wace ce kuma sakandare da ta laƙaba wa kanta babban suna. Don warware wannan, a 1906 suka tsayar da awo: sa'a 120 na darasi a fanni ɗaya a sakandare ita ce ma'auni ɗaya, kuma duk kwalejin da ke son malamanta su ci fansho sai ta sharɗanta wa masu shigowa ma'auni 14. Kowa na son fansho, don haka kowa ya bi, irin wannan ƙidaya kuma ta zama ruwan dare a cikin jami'o'in kansu. Gidauniyar Carnegie da kanta, a wani rahoto da ta fitar a 2015, ta yarda cewa awon yana da amfani ga tsarin mulkin makaranta amma ba a yi shi don auna abin da ɗalibi ya koya ba. A 2023 ta haɗa gwiwa da hukumar shirya jarrabawa ta ETS don neman wani ma'aunin. Mai kaya ya ce mudunsa ba na auna ilimi ba ne, 'yan aro kuma suna rantsuwa da shi.

Ƙofar da yaƙi ya buɗe

Ba intanet ce ta kawo tunanin auna ilimi da jarrabawa ba. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tilasta shi. Miliyoyin samarin Amurka sun bar makaranta sun tafi fagen daga, a can kuma wasu suka koyi gyaran injina, wasu harsuna, wasu aikin jinya. A 1942 aka ƙirƙiro jarrabawar GED don wanda bai gama sakandare ba ya nuna ya kai matsayinta. A 1944 aka yi dokar da ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu. Majalisar ilimi ta Amurka da ake kira ACE, wadda ƙungiya ce ta jami'o'in kansu, ta ɗauki aikin duba horon soja tana faɗin kiredit nawa ya dace a ba shi. Har yau tana wannan aiki, kuma ta faɗaɗa shi zuwa horon kamfanoni da kwasa-kwasan intanet. Malaman jami'a take turawa su duba manhaja da jarrabawa, sannan ta ba da shawara. Shawara ce kawai, hukunci yana hannun kowace jami'a.

A 1967 hukumar College Board, mai shirya jarrabawar shiga jami'a ta SAT, ta fito da CLEP. Yau jarrabawa 34 ce, daga lissafi da tarihi zuwa tattalin arziki da harshen Faransanci, kuma makarantu kimanin 2,900 suna karɓar aƙalla wasu daga ciki. Akwai takwararta DSST da ta samo asali daga shirin ilimantar da sojoji. A farkon shekarun 1970 jihohi uku suka kafa makarantu don manya masu tarkacen karatu a wurare dabam-dabam: wadda ta zama Excelsior a New York a 1971, Thomas Edison a New Jersey a 1972, da Charter Oak a Connecticut a 1973. A 1997 gwamnonin jihohi 19 suka kafa jami'ar Western Governors, inda ɗalibi ke biyan kuɗin wata 6 ya ci kwas iya ƙarfinsa, da zarar ya nuna ƙwarewa ya wuce gaba.

Abin da intanet ta ƙara shi ne araha da sauƙin samun darasi. Wata ƙungiyar agaji mai suna Modern States ta fara a 2017 tana koyar da darussan CLEP kyauta, tana kuma biya wa wanda ya kammala kuɗin jarrabawa. Saylor Academy tana ba da kwasa-kwasai kyauta. Kamfanoni irin su Sophia da Study.com da StraighterLine suna sayar da nasu bisa biyan kuɗin wata, da shawarar ACE a bayan da yawa daga ciki. Ɗalibi mai himma zai iya share kusan shekarar farko ta jami'a da kuɗin da bai kai na kwas guda a aji ba.

Su wa ake rufe wa ƙofa?

Wannan gardama ba ta 'ya'yan masu hali ba ce. A Amurka akwai mutum fiye da miliyan 40 da suka shiga jami'a suka fita ba kwali. Da yawansu sun fito da bashi, a ƙasar da bashin karatu ya kai kimanin dala tiriliyan 1.7. Direbobi ne, da ma'aikatan jinya, da tsofaffin sojoji, da iyaye mata da haihuwa ta katse wa karatu, da baƙi da suka zo da iliminsu daga wasu ƙasashe. Mutumin da ke aiki sa'a 40 a mako yana ciyar da iyali ba shi da mako 15 na zubarwa a kan abin da ya riga ya sani. Kowane kwas da aka tilasta masa maimaitawa kuɗin haya ne, kuma dalili ne na sake jefar da karatun.

A 2020 wasu ƙungiyoyi biyu, CAEL da WICHE, sun bi diddigin manyan ɗalibai fiye da 230,000 a makarantu 72. Cikin waɗanda aka ba kiredit saboda ilimin da suka zo da shi, kashi 49 cikin ɗari sun kammala karatu. Cikin waɗanda ba a ba su ba, kashi 27 ne suka kammala. Mai suka zai ce ai dama masu ƙwazo ne ke neman wannan hanya, kuma da gaskiyarsa. Masu binciken sun cire tasirin irin waɗannan bambance-bambance, tazarar ta ragu amma ba ta ɓace ba. Abin lura kuma shi ne waɗanda aka yafe wa wasu kwasa-kwasai sun ƙare da ɗaukar ƙarin darussa a makarantar fiye da sauran, saboda sun zauna har ƙarshe. Wato ko ta fuskar ciniki, jami'ar da ta yi rowa ta yi wa kanta.

A bi sawun kuɗi

To me ya sa ake jan ƙafa? Jami'o'i za su ce suna tsoron zubar da mutuncin digirinsu. Da za mu yarda, in da a ce jarrabawar waje kaɗai suke ƙi. Amma ko karatun junansu ba sa karɓa. A 2017 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Waɗannan fa sun zauna a aji, sun biya, sun ci jarrabawa a makarantu masu rajista. Idan zaman aji ne sharaɗi, sun cika shi. Sharaɗin gaskiya shi ne a zauna a ajinmu, a biya mu.

Ruwa ba ya tsami banza. Kwasa-kwasan shekarar farko su ne saniyar tatsa ta jami'a. Ana tara ɗaruruwan ɗalibai a zaure guda, sau da yawa a hannun malamin wucin gadi da ake biya kwas-kwas ko ɗalibin digiri na uku, amma farashin kiredit ɗinsu daidai yake da na ajin shekarar ƙarshe mai mutum 15 a gaban farfesa. Rarar da ake samu a nan ce ke ɗaukar nauyin wasu sassan. Waɗannan kuwa su ne ainihin kwasa-kwasan da CLEP ke maye gurbinsu. Shi ya sa dabarun ƙi suke da yawa. Wata jami'a za ta ɗaga makin da take nema sama da na ACE ba tare da hujja ba. Wata za ta yi iyaka ga adadin da za ta karɓa. Mafi wayo ita ce wadda za ta ce ta karɓa, sai ta jefa kiredit ɗin cikin jerin darussan zaɓi, inda ba zai rage wa ɗalibi ko kwas ɗaya daga wajibai ba. An ba shi a takarda, an ƙwace a aikace.

Ba na cewa jami'a ba ta buƙatar kuɗi. Ina cewa ta faɗi gaskiya. Idan ana so ɗalibin shekarar farko ya tallafa wa ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, a kira abin da sunansa, a kai maganar gaban majalisa da iyaye. Jihar Florida ta nuna cewa ana iya gyara: dokarta ta wajabta wa jami'o'in gwamnati ba da kiredit ga wanda ya ci irin waɗannan jarrabawa, bisa jadawali ɗaya da kowa zai iya dubawa tun kafin ya biya sisi.

Hujjojin da suka cancanci amsa

Masu adawa suna da maganganu masu nauyi, kuma rashin adalci ne a share su. Ta farko ita ce jami'a ta wuce jarrabawa. A cikinta ake koyon gardama da ladabi, da rubutu mai tsawo da malami zai yi wa jan biro, da zama da wanda ba ku yi tarayya a ra'ayi ba. Na yarda ɗari bisa ɗari. Babu jarrabawar canki-canka da za ta maye gurbin aikin ɗakin gwaji, ko zagayen marasa lafiya a asibiti, ko shekara guda a ƙarƙashin malamin da ke duba kundin bincike. Amma wa ya nemi a maye gurbinsu? Ana magana ne a kan darussan share fage, kuma mai karatun da ya taɓa zama a bayan zauren lacca mai mutum 500 ya san irin gardamar ilimi da ake yi a can. Wanda aka yafe wa abin da ya sani ya fi saurin isa ga ajin da ake wannan tarbiyya.

Ta biyu ita ce jarrabawar waje ba ta kai kwas ɗin gida zurfi ba. A 2013 kwalejin Dartmouth ta sanar cewa za ta daina ba da kiredit na kammala digiri ga jarrabawar AP, wadda 'yan sakandare ke ɗauka, bayan sashen ilimin halayyar ɗan Adam ya ce ya gwada waɗanda suka ci ta da maki mafi girma kuma mafi yawansu sun faɗi gwajinsa. Manyan jami'o'i irin su Harvard ma ba sa karɓar CLEP. To, madalla. Idan kwas ɗinku ya fi zurfi, ku buɗe jarrabawarku ta ƙarshen zango ga duk mai so, ku tsare ta, ku karɓi kuɗin gyara takarda. Wanda ya ci a ba shi, wanda ya faɗi ya shiga aji bakinsa alaikum. Abin da sashen nan na Dartmouth ya yi ai shi ne abin da nake kira a yi, wato a gwada. Kuskuren shi ne a gwada wasu sannan a rufe ƙofa ga kowa har da wanda zai ci.

Sannan a juya tambayar. Wa ya tabbatar cewa mai zama a aji yana koyo? A 2011 masana zamantakewa biyu, Richard Arum da Josipa Roksa, sun wallafa binciken da ya bi ɗalibai fiye da 2,000, suka ce kashi 45 cikin ɗari ba su nuna wani ci gaba na a zo a gani ba a tunani mai zurfi da rubutu bayan shekara biyu a jami'a. An soki hanyar binciken, kuma ba sai an haɗiye alƙaluman duka ba. Amma ya fallasa son kai guda: ana neman ɗan waje ya kawo shaida a kan kowane kiredit, na ciki kuwa halartarsa da kuɗinsa sun wadatar a kyautata masa zato. Laifi tudu ne.

Gyara kayanka

Yanzu ga mutanen ɓangarena. Akwai masu alfahari a kafafen sada zumunta cewa sun gama digiri cikin 'yan watanni, suna koya wa juna wane kwas ne ake sharewa a yini biyu. Wasu daga kwasa-kwasan kamfanoni ana yin gwajinsu littafi a buɗe, ba mai sa ido, kuma ana iya maimaitawa. Tun da ChatGPT ya bayyana a ƙarshen 2022, irin wannan gwaji ya zama wasan yara: ƙirƙirarriyar basira za ta amsa tambayoyin kafin shayi ya huce. Kamfanin da ke cin kuɗin wata kuma ribarsa tana ga a ce kwas ɗinsa da sauƙi. Duk wanda ya tara kiredit ta wannan hanya bai koyi komai ba, ya cuci kansa, ya kuma miƙa wa masu adawa sandar da za su doki matar nan mai littattafan kuɗi. Idan aka ce araha ba ta ado, irin wannan ake nufi.

Mu a Najeriya mun ga ƙarshen wannan hanya. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu ya wallafa a Daily Nigerian yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6, bai shiga aji ba, bai rubuta jarrabawa ba, har ya samu shiga bautar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo. Tun daga nan, da an ambaci karatu mai sauri sai mutane su tuna Kwatano. Biri ya yi kama da mutum, amma a duba da kyau. Aibin kwalin Kwatano shi ne babu wanda ya tambayi mai shi komai. Da ya shekara 4 yana biyan kuɗi ba a gwada shi ba, da kwalin bogi ne dai. Matar da ta ci CLEP kuwa an tambaye ta, a ɗakin da aka tsare, da tambayoyin da ba ita ta zaɓa ba, kuma tana iya faɗuwa.

Saboda haka tambayoyi uku suka raba gaskiya da bogi, kuma babu agogo a cikinsu. Wa ya shirya jarrabawar, kuma yana da riba idan kowa ya ci? Wa ya tabbatar cewa mai sunan ne ya zauna, ba tare da taimako ba? Ana faɗuwa kuwa? Duk kwas ɗin da ya kasa amsa waɗannan, na intanet ne ko na aji, kiredit ɗinsa takarda ce kawai. Ya wajaba ACE ta janye shawararta daga duk gwajin da ba a tsare shi ba, kuma mu masu goyon bayan wannan hanya mu ya kamata mu fara neman haka.

Mantuwar 'yan boko

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne raini daga 'yan bokonmu, domin ta wannan ƙofa boko mai zurfi ya shigo mana. A 1858 Jami'ar Landan ta buɗe digirinta ga duk wanda ya ci jarrabawarta, ko a ina ya yi karatu. Kafin a buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948, 'yan Najeriya da dama ta wasiƙa suka yi karatu, da fitilar ƙwai bayan an tashi aiki. Obafemi Awolowo ya samu digirin kasuwanci na Landan a 1944 yana gida Najeriya. Nelson Mandela ya kammala digirin lauya na Jami'ar Afirka ta Kudu yana tsare. Ban taɓa jin wanda ya ce a ƙwace musu don ba su cika sa'o'in zama ba.

Har yau muna yi, ba mu dai kira shi da wannan suna ba. Nawa ne cikinmu suka gyara sakamakon sakandare da jarrabawar waje ta WAEC? Wanda ya ci IJMB, da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, yana shiga aji biyu kai tsaye: karatu ne da aka yi a wajen jami'a, aka auna shi, aka yafe shekara guda. Da JAMB ta gano ana shigo da sakamakon bogi ta wannan hanya, tantancewa ta tsaurara, ba ta toshe ƙofar ba. Akantan da ya ci jarrabawar ICAN ba a tambayarsa dare nawa ya yi yana bita. A karatun zaure ma ba a ƙirga wa ɗalibi shekaru, sai ya karanta littafi a gaban malami ya fassara, malam ya gamsu, sannan ya wuce na gaba. Wani ya sauke cikin wata uku, wani shekara, kuma ba a taɓa cewa na wata ukun ya yi ha'inci ba.

Abin yi

Ga jami'o'i, buƙatar ba ta da yawa. Kowace ta wallafa a fili wace jarrabawa take karɓa, da wane maki, a madadin wane kwas. Idan ta ƙi, ta faɗi dalili na ilimi da za a iya ƙalubalanta. Duk kwas ɗin share fage ya kasance yana da jarrabawar da mai ganin ya iya zai nemi a yi masa. Ta kuma bi sawun waɗanda ta yafe wa, ta ga yadda suka yi a kwas na gaba, ta bar sakamakon ya yanke hukunci.

Ga mai karatu da ke zaune a Amurka, ko mai shirin tura ɗa ko ƙani can, a fara daga ƙarshe. A zaɓi jami'ar da za ta ba da digirin, a tabbatar hukumar da ta tantance ta tana cikin waɗanda ma'aikatar ilimi ta Amurka ta amince da su, sannan a nemi ofishin rajista ya rubuto abin da zai karɓa da gurbin da zai cike, kafin a biya ko dala ɗaya. A tuna cewa shawarar ACE ba ta ɗaure kowa ba, kuma makarantun likitanci da makamantansu sukan nace a yi darussan kimiyya a aji da ɗakin gwaji. A zaɓi jarrabawar da ake tsarewa ko da ta fi wuya, domin ita ce za ta tsaya wa mutum ranar da aka yi shakka.

Wanda kuma ke zaune a kujerar ɗaukar ma'aikata, idan takardar sakamako ta zo gabansa da kiredit na jarrabawa a ciki, ya ajiye taɓe baki ya yi abin da ya fi sauƙi: ya miƙa wa mai takardar littafin kuɗi ya ce ya fitar masa da riba da faɗuwa. Cikin minti 30 zai san abin da sa'o'i 120 na Carnegie ba su taɓa iya gaya wa kowa ba.